Kugen Da Ya Kira Bake Ɓarauniya

Shafi na 19

Masu cika min waya da "Iya kin yi shiru, Iya a ci gaba," to ga shi nan. Mai cewa in sassauta wa ma'aikatan daji kuwa, ya bari sai an zaga gari da sunan tasa uwar, sannan ya zo ya koya min sassauci. Wanda ya ga kansa a ciki ya san hanyar gidana.

*

Bake ba ta fito da shirin komawa gida ba. Ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta naɗe tabarma a hammata, ta ƙulle garin rogo da ɗan gishiri a ƙyalle. Tunda Shef Tamu, shugaban Dajin Wobaru, ya aiko a ce ta same shi a zangon baƙi da hantsi, ta gama yanke wa kanta hukunci: motar jandarma ce, daga nan sai gidan yari. To in tafiyar ce, ba za ta tafi cikin tsumma ba.

Rabonta da wannan hanya tun ranar da ta kwashe tantin wasu baƙi biyu, mata da miji, da kayansu kaf, ta ɗora a ka ta kai gidanta. An zo an kwashe kayan, komai ya cika, sai abu ɗaya da mijin ya rantse babu: madubin hangen nesa, irin wanda suke leƙen tsuntsaye da shi. A kan wannan aka karɓe ƙarfen izinin da take ratayawa a wuya ta shiga daji tsintar kaɗanya. A kan wannan sankira ya zaga gari da kuge, lungu-lungu, yana cewa Bake ɓarauniya ce, kowa ya kula da kayansa.

Tun daga ranar, in ta doso, mata shanya suke kwashewa.

A bakin shingen zango ta tarar da Woru, ɗanta na fari, cikin koren kayansa na masu gadin daji. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Zuciyarta ta ɗan karye. Ita aka zaga, amma ga wanda abin ya ci.

"Inna, wannan tabarmar fa?"

"Ta kwana ce. Ko a can ma tanti suke rabawa?"

"Ba wanda zai kai ki ko'ina. Don Allah dai yau ki yi magana a hankali."

"A hankali nake yi tun kafin a yanke maka cibiya. Ga inda ya kawo ni. Buɗe min."

Ya ɗaga itacen shingen, bai yarda sun haɗa ido ba.

Tantuna na nan a ƙarƙashin maɗatai, wani ja wani shuɗi, kamar an kife ƙore. Wasu samari na hura wuta tsakanin duwatsu, hayaƙi ya fi wutar yawa. Can gindin babban maɗaci Shef Tamu na zaune a benci, gefensa mutum biyu. Kallo ɗaya ta yi musu ta gane su. Ga mai tumbin nan da gajeren wando, wanda ya tsaya a tsakar gidanta ya nuna ta da yatsa har yana taɓa mata hanci. Kojo. Ga matarsa Sena, 'yar siririya, wadda ranar ba ta ce komai ba sai kuka.

"Iya Bake, sannu da zuwa," in ji Shef. "A kawo mata kujera."

"Bar ta. Kar in tashi a ce kujera ta bi ni."

"Haba Iya."

"Ina motar?"

"Wace mota?"

"Ta jandarma. Ka gaya musu kar su sa min ankwa, da ƙafata zan hau."

Shef ya shafa fuska. "Ba ni na nemi ganinki ba. Wannan baiwar Allah ce ta taso tun daga Kotonu, ta ce ba za ta yi magana ba sai kina wurin. Ni ma ban san abin da ke tafe da ita ba. Woru, matso ka yi musu tafinta."

Sena ta miƙe, ta zo gaban Bake ta durƙusa har gwiwarta na taɓa ƙasa. Bake ta ja da baya, ta ƙara matse tabarmarta.

"Gaya mata ta tashi. Kar zobenta ya faɗi kusa da ƙafata."

Sena ba ta tashi ba. Ta yi magana da Faransanci.

"Ta ce," in ji Woru, "tana so ta ji daga bakinki. Me ya sa kika ɗauki kayansu ranar nan?"

Bake ta tsaya cak.

An zage ta, an tofa mata yawu a hanyar rijiya, an tsare ta a ofishin daji har rana ta faɗi. Amma wannan tambayar, babu mahaluƙin da ya yi mata ita sai yau.

Ta jingine tabarmar a jikin bishiya.

"To buɗe kunnenka, ka kai mata yadda na faɗa. Na fito tsintar kaɗanya. Na ga ɗakin ƙyalle a tsakiyar daji, babu kowa. Na leƙa, ga shimfiɗa a ƙasa, ga 'yar tukunya kamar ta wasan yara, ga takalmin mace. Na ce innalillahi! Baƙi sun zo garinmu, da mace a cikinsu, sun rasa mai cewa ku shigo, har sun kwana a daji kamar birai? Daga nan ana jin carar zakaran gidana fa! Wane irin abin kunya ne wannan? In labari ya kai Nikki a ce mutanen Wobaru sun bar baƙo ya kwana a jeji, da wace fuska za mu shiga kasuwa? Sai na juye kaɗanyata a ƙasa, na tuge turakun, na naɗe ɗakin, na ɗora komai a ka. Na karyo reshe ɗanye na ajiye a wurin, kansa na kallon hanyar gidana, yadda ko makaho zai gane. Na je na share ɗakin marigayi mijina. Na yanka zabuwata, guda ɗaya tilo. Na daka sakwara har kafaɗata ta sage. Na soya cukun Fulani. Na zauna a bakin ƙofa ina jiran baƙi. Sakwara ta huce, na rufe ta da zane. Sai ga baƙin sun iso, da masu bindiga a bayansu."

Woru ya juya wajen Sena ya faɗi 'yan kalmomi, ya yi shiru.

Bake ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka gama?"

"Na gama, Inna."

"Na ba ka magana mai tsawon igiyar rijiya, ka miƙa mata guntun zare? Ina zabuwar? Ban ji zabuwa ba."

"Inna, ai ba kya jin Faransanci."

"Ina jin tsawo!"

Samarin da ke hura wuta suka bar wutar suka matso. Shef ya danne dariya da tari, ya ce, "Bari, ni zan faɗa." Ya mayar wa Sena da maganar tun daga kaɗanya har zuwa zanen da aka rufe sakwara da shi. Kafin ya kai ƙarshe hawaye ya wanke mata fuska. Kojo kuwa ƙasa yake kallo, kamar an ce masa akwai abin da ya faɗi a wurin.

Bake ta juyo kan Shef.

"Kai kuma, ba ɗan Nikki ba ne?"

"Can aka haife ni, Iya."

"A gidan ubanka, in baƙo ya doso da kaya a ka, tambayarsa ake yi kafin a sauke masa?"

"Ba a tambaya."

"Me ake yi?"

"Ƙwacewa ake yi. A wuce gaba da kayan, shi ya biyo baya."

"To don me ba ka gaya musu haka ba? Ko da ka sa hular gwamnati a ciki ka manta da kanka?"

"Na gaya musu, Iya. Wallahi na gaya musu. Da kayan sun cika, da a ranar an yi dariya an watse. Madubin nan ne ya ɗaure min hannu."

Sena ta gane an ambaci abin, don Shef ya kwatanta da hannuwansa a ido. Ta miƙe, ta zaro waya daga jaka, ta shafa ta shafa, ta miƙa wa Shef.

Shef ya duba. Ya kai wayar kusa da fuska. Ya ɗago ya dubi Kojo, ya sake duban wayar.

"Mene ne?" in ji Bake. "Hotona ne ina sata?"

"Zo ki gani da idonki."

Ta matso tana ƙanƙance ido. Kojo ne a tsaye kan dutsen nan na bakin tafki, wanda ke can cikin daji, ya buɗe hannuwa yana washe baki. A ƙirjinsa, rataye da baƙar igiya, ga wani abu mai ido biyu.

"Wannan na wuyansa fa?"

"Shi ne madubin."

"Wanda na sata?"

"Shi."

"To ya aka yi ya koma wuyansa?"

Sena ta fara magana da sauri, Shef na bin ta a baya, don Woru ya tsaya kamar an dasa shi.

"Ta ce da safen ranar ta ɗauki hoton nan, bayan sun bar tanti sun shiga yawo. Ita ba ta ma lura ba. Sai kwanan nan ta je gaida mahaifiyarta, tana nuna mata hotunan tafiya, tsohuwar ta dafa wayar ta ce, tsaya, wannan na wuyan mijinki ba shi ne kuka ce wata tsohuwa ta ɗauke a tanti ba? Yaya abin da aka bari a tanti ya bi ku bakin ruwa?"

"Allah ya yi wa wannan tsohuwa albarka," in ji Bake a hankali. "Allah ya ƙara mata hasken ido."

"Ta ce ta koma gida ta tsare shi. Ya yi ta kewaye-kewaye. Ta ce ko ya faɗi gaskiya ko ta tattara ta koma gidansu."

Shef ya juya ga Kojo ya daka masa tsawa da Faransanci. Kojo ya miƙe, gumi na bin wuyansa duk da inuwar maɗaci. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ya ce santsi ne ya kwashe shi a kan dutsen, lokacin matar ta yi gaba. Igiyar ta tsinke, madubin ya faɗa inda ruwan ya fi zurfi. Kuma ba nasa ba ne, na maigidansa ne a wurin aiki, aro ya yi. Da matar ta tambaya sai ya ce ai a tanti ya bar shi. Suna dawowa suka tarar babu tanti."

"Sai ya ga Allah ya kawo masa jakar ɗaukar kaya," in ji Bake.

Ba wanda ya fassara wannan.

Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta fasa. Wani abu da ya daɗe a tokare a ƙirjinta, wanda ya hana ta haɗiyar tuwo, ya hana ta barci sai juyi, ta ji ya zame ya sauka. Ta laluba bayanta, ta zauna a kan kujerar nan da ta ƙi. Ta dafa kai da hannu biyu.

Sai dariya ta kuɓuce mata. Dariya har da hawaye, har tana buga cinya.

"Yana cikin ruwa! Jama'a, yana cikin ruwa! Ni ana zagina a tudu, kifi na can yana leƙen tsuntsaye!"

Samarin suka kwashe da dariya ba tare da sun san abin da ta ce ba. Sena ta rungumo ta. Wannan karon Bake ba ta ja baya ba, ta bubbuga bayanta.

"Ya isa, 'yar nan, ya isa. Ke kin fita. Uwarki ta haifi mutum."

Ta share ido da bakin zane, ta nuna Kojo.

"Kai kuma, mai wandon yara, matso."

Ya matso. Ya durƙusa, tumbin na hana shi.

"Shef, kai za ka faɗa masa, wancan ɗan nawa rowar magana gare shi. Ka ce masa, da ya zo gidana ya ce Iya na yar da kayan mutane ina jin tsoro, da na tara masa yaran garin nan masu nutso sun tsamo masa. Ka ce masa ɗan yatsan da ya sa min a hanci, na bar shi da Allah. Ka ce masa zabuwar nan ƙwai take yi."

Shef ya faɗa. Kojo ya haɗa hannuwa yana ta maimaita kalma ɗaya.

"Haƙuri yake ba ki. Ya ce duk abin da kike so zai yi."

"Zai yi kuwa."

Shef ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙarfen, da igiyarsa da ta yi baƙi da man kaɗanya. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga abinki, Iya. Daji naki ne daga yanzu. Ni ma ki yafe min."

Bake ta dubi ƙarfen. Hannunta har ya motsa. Kaɗanya na can tana zuba tana tsirowa a ƙasa, kakar bana ta kusa wucewa. Amma ta mayar da hannun cinya.

"Riƙe tukuna."

"Iya?"

"Wannan shinge yake buɗewa. Ba ya rufe bakin mutane. A nan mu nawa ne? Kai, ni, waɗannan, da masu hayaƙin can. Amma ranar da aka kira ni ɓarauniya, har jaririn goye ya ji. Da kuge aka ɓata ni. Da kuge za a wanke ni. A kira min Gunu."

"Inna," in ji Woru da sauri, "ai ba sai an kai ga haka ba. Magana za ta bazu da kanta. Mu je gida ki huta."

"Ƙarya ce ke bazuwa da kanta. Gaskiya sai an ɗauke ta a ka. A kira shi!"

Shef ya tura ɗaya daga cikin masu gadi a kan babur.

Kafin su dawo, ɗaya daga cikin samarin ya kawo wa Bake shayi a kofin ƙarfe. Ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta ce hayaƙi ya sha, amma ta shanye tas. Rabon da wani abu ya wuce maƙogwaronta da daɗi har ta manta. Ta dubi Sena, ta dubi tantunan.

"Shef, tambayar min ita. A garinsu suna da ɗaki?"

"Ta ce suna da shi."

"Da rufi? Da ƙofa?"

"Har da bene."

"Ba wanda ya kore su?"

"Babu."

"To me suke nema a ƙasa cikin cinnaku?"

Sena ta yi murmushi, ta daɗe tana bayani.

"Ta ce a can, dare da rana ƙarar babura ce. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin taurari sun cika sama ba sai a dajin nan. Ta ce a tantin nan ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, ta farka da kukan tsuntsaye."

Bake ta jinjina kai.

"Wato da gangan suke yi."

"Da gangan, Iya. Don shi aka yi zangon."

"Allah mai iko. Mu muna gudun daji mu shiga ɗaki, su suna gudun ɗaki su shiga daji. To ai sai ku sa a yi shela, ku ce mahaukatan nan ba a taimakonsu."

Sena ta kamo hannunta ta ja ta bakin tanti, ta zuge ƙofar. Bake ta sunkuya ta leƙa, ta shafa shimfiɗar, ta ce da laushi kam, amma ita ko a mafarki. Sena ta yi dariya, ita ma ta yi.

Sai ga babur. Gunu sankira ya sauko yana ɗingishi, kuge a rataye a kafaɗa, sandar bugu a hannu. Tsoho ne sa'an mijinta, kuma abokin wasanta tun suna yara.

"Matata, an ce kina nemana. Kin shirya auren ne?"

"Wa zai auri bakin da ba shi da murfi? Zo nan, tsohon banza. Ka tuna abin da ka faɗa a kaina?"

"Abin da aka sa a bakina na faɗa. Kuge ba ya zaɓen magana."

"To yau ni zan sa. Ka ce Bake ba ta ɗauki ko allura ba. Ka ce baƙunta ta yi irin ta iyayenmu. Ka ce madubi yana cikin tafki, mai shi ne ya yar. Duk lungun da ka bi wancan karon, ka bi shi yau. Bakin rijiya ka tsaya ka faɗa sau biyu, matan can kunnensu na da nauyi in alheri ne."

"An gama."

"Kuma wannan," ta nuna Kojo, "zai bi bayanka. Ga tabarmata, ga ƙullina. Ya ɗora a ka."

Shef ya gaya masa. Kojo ya dubi matarsa. Sena ta ɗauki tabarmar da kanta ta aza masa.

Sai a lokacin Bake ta karɓi ƙarfenta ta rataya.

Gunu ya daki kuge.

Kon! Kon! Kon!

Wancan karon tana cikin ɗaki ta ji wannan ƙara, ta toshe kunne da zane. Yau a bayansa take tafiya, kai a sama, Sena na riƙe da hannunta. Tun kafin su fita daga daji suka ci karo da matan tsintar kaɗanya, kwanoni a ka. Suka tsaya suka saurara. Wata ta sauke kwanonta ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Suka bi ayari.

A bakin rijiya Gunu ya faɗa sau biyu, ya ƙara na uku kyauta. Maƙwabciyarta, wadda ta fi kowa saurin kwashe shanya, ta fito tana tafa hannu.

"Ni dama na faɗa! Na ce Bake ba za ta aikata ba!"

"Wa kika gaya wa? Igiyar shanyarki?"

Aka yi ta dariya. Bake ma ta yi, don yau ba ta da ƙarfin riƙe kowa a zuciya. Yara suka kewaye Kojo suna yi masa waƙa, shi kuwa tabarma na zamewa yana gyarawa.

Da suka iso gida tsakar gidan ta cika, har bisa katanga. Bake ta sa aka ɗora doya. Ta ce sakwarar da baƙin nan suka ƙi ci, yau sai sun ci ta, ko da kuka. Mata suka karɓi taɓare suna daka suna waƙa. Ta zauna a kan turmin da aka kife, ta miƙe ƙafafu, ta ja numfashi har ƙasan ciki. Iskar ma daban take.

Gunu ya zo ya tsuguna gefenta yana haki.

"Matata, maƙogwaro ya bushe. Ina goron sankira?"

"Ni zan ba ka? Wanda ya sa ka ka ɓata, shi zai ba ka goron gyara. Ga shi can." Ta ɗaga murya. "Shef! Sallami mutuminka."

Shef Tamu, da ke tsaye yana amsa gaisuwar dattawa, ya juyo.

"Ni? Ai ban taɓa aiken Gunu ba, Iya."

"Kamar yaya?"

"Ƙarfe na karɓa, shi ma don dole. Har cewa na yi a rufe maganar kar ta fita daga ofis. Da na ji kuge a gari, na ɗauka mai gari ne ya sa."

"Mai gari yana Paraku a lokacin, wajen jinya," in ji wani dattijo.

Taɓaren suka rage sauri. Ɗaya ya tsaya, ɗayan ma ya tsaya.

Bake ta juyo a hankali ta dubi Gunu.

"Wa ya aike ka?"

"Matata, bar maganar nan. Yau ranar farin ciki ce."

"Gunu."

"An wanke ki, me kuma kike nema?"

"Na ce wa ya zo gidanka ya sa sunana a bakinka?"

Tsohon ya sunkuyar da kai yana juya sandar kuge a hannu.

"Cewa ya yi in bai riga kowa nesanta kansa da ke ba, za a tuɓe masa kaki. Na ce ya je ya sake tunani. Ya ce in buga."

"Wa?"

Gunu bai ɗago ba. Sandar kawai ya ɗaga, ya nuna bayanta.

"Ga shi can, riƙe da butar baƙi."

Bake ta waiwaya.

Mutum ɗaya ne ke riƙe da buta a duk gidan. Ruwa na zuba a kan takalminsa bai sani ba.

"Inna..." in ji Woru.

Ta miƙe tsaye. Ta gyara ɗaurin zanenta.

"Kowa ya fita," ta ce. "Kai, ajiye butar nan. Ka rufe min ƙofa."